Waƙar Furanni a Ranar Roƙon Ruwa

"To in ba murya ciki, mi amfaninshi?" in ji Biba.

"Gurbi suka bari," Alkasim ya ce, yana tura pil, wato batir, a cikin akwatin kiɗansa. "Kiɗan na cikin kaset, wanda ya riƙe mikro shi ne mawaƙi. Yau ni ne."

"Yau? Kai dai Arlit ta cinye maka kunne. Ba ka ji shela ba?"

Ya ji shela sarai. Damina ta yi nisa, gero ya tsiro ya ƙone sau biyu, kuma tun jiya mai gari ya sa aka kife ganguna. An hana kiɗa, an hana waƙa, ko lugude mata ba sa yi a turmi, sai sama ta yi rahama. A wannan la'asar duk mazan ƙauyen suna filin idi, riguna a juye, suna roƙon ruwa. Alkasim kaɗai ya maƙale a rumfar ƙofar gidansu, domin a gindin tsamiyar kasuwa akwai kamyo, babbar motar kaya, da ake lodi, kuma kafin magariba zai kwashi gidan su Biba zuwa kudu, ƙetaren iyaka. Ta daji za su bi, don sojojin da ke kan titin Tasawa suna mayar da duk wanda ya gudo wa yunwa. Mahaifinta ya bar mata zaɓi: ko ta hau, ko ta zauna wurin gwaggonta har Alkasim ya kawo goro. Har yanzu ba ta zaɓa ba, sai ƙullin kayanta da ke maƙale a hammata.

Shekarun da ya yi a Arlit, garin ma'adinai, girki ya yi wa wani injiniya ɗan Japon. Duk Asabar mutumin da abokansa sukan kewaye wannan akwati suna rera waƙoƙin ƙasarsu, manyan maza masu furfura, wani har da hawaye. Da aka sallami ma'aikata, sai ya bar wa Alkasim akwatin da kaset-kaset ɗinsa.

"Wannan ta lokacin furanni ce," ya ce mata. "Can, in sanyi ya wuce, itatuwa kan yi fari fat da fure tun ganye bai fito ba. Kuma lokacin ne suke rabuwa, ƴan makarantar lakwal su watse, ma'aikata a canza masu gari. Ƙasa na ado, su suna ban kwana. Namiji ke rera ta, yana roƙon wadda za ta shiga jirgin ƙasa ta waiwayo."

"Ta waiwayo?"

"Ban sani ba, Japanancina ya ƙare a nan."

Ta yi dariya, dariyar da ya yi marmari tun yana Arlit, ta rufe baki da gefen mayafi. "Kar ka kunna, don Allah. Yaya Ƙadri na filin nan."

"Ƙasa-ƙasa zan yi. Ko kazar can ba za ta ji ba."

Ya danna. Wani sauti ya fito siriri, kamar ana ɗiga ruwa a tasa, sai goge-goge masu yawa suka bi bayansa. Alkasim ya ɗora bakinsa a mikro. Bai iya kalmominsu ba, nasa ya saka, waɗanda ya yi ta jerawa a zuci tun da ya ji labarin kamyon. Ya ce mata aduwa ma tana fure a tsakiyar rani ba ta tambayi kowa ba. Ya ce in ta tafi, ko ruwa ya sauka shi fari zai ci gaba da ci. Biba ta sauke ƙullinta ƙasa. Ganin haka zuciyarsa ta tashi, kiɗan ma ya tashi, hannunsa ya kai kan maɓalli ya murɗa ba tare da ya shawarce shi ba. Akwatin yana maimaita ƙarshen kowace kalma kamar mai magana cikin rijiya, muryar ta haye katanga, ta ratsa gonakin da suka ƙone, ta isa filin idi.

Abin da bai gani ba daga cikin rumfa shi ne hadari. Tun azahar ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har tsofaffi sun fara jin ƙamshin ƙasa suna kuka cikin addu'a. Daidai lokacin da muryar ta iso, iska ta taso ta yayyaga shi, ta kora shi yamma. Ko ɗigo bai sauka ba.

Biba ce ta fara jin ƙafafu. "Kashe! Kashe shi!"

Kafin ya juya, ƙotar hauya ta sauka a kafaɗarsa, ƙashi ya yi ƙara. Ƙadri ne, wan Biba, rigarsa a juye, idanunsa jajur.

"Ɗan banza! Mun kira ruwa, kai ka kore shi!"

"Ƙadri, tsaya, waƙa ce kawai..."

Duka na biyu a baki ya same shi. Haƙori biyu suka faɗo kan tabarma. Sai rumfar ta cika. Mutanen da suka ɗauke shi yana jariri, waɗanda ya raba wa sukari da shayi ranar da ya dawo, su ne ke tattaka shi. Wanda ya binne ɗa a watan nan ya kai masa ƙafa a ciki, wanda shanunsa suka mutu a bakin rijiya ya ɗauko dutsen murhu. Aka ja shi waje ta ƙafa, kansa yana bugun ƙasa. Wani ya tattake kaset-kaset ɗin, zaren cikinsu ya warwatse ya naɗe ƙafafun mutane. Akwatin kuwa ya faɗi gefe, yana ta kiɗansa mai taushi ba murya, kamar babu abin da ya dame shi.

Ƙadri ya fizge igiyar mikro, ya naɗa ta a wuyan Alkasim, ya sa gwiwa a bayansa ya ja.

"Rera mana! Ba kai mawaƙi ba? Rera!"

Biba ta faɗa kan yayanta, ta kafa haƙora a damtsensa har ta ji gishirin jini. Ya mare ta da bayan hannu, ɗankunnenta ya tsinke tare da fatar kunnen. Ta tashi ta sake kama shi.

"Yaya, za ka kashe shi! Yaya, ni na ce shi rera!"

Ƙarya ta yi, kuma ba wanda ya saurare ta. Harshen Alkasim ya fito, ƙafafunsa suna shurin ƙasa.

Ƙarar bindiga ce ta raba su. Kaporal ɗin da ke gadin rumbun hatsin taimako ya iso da gudu da sojansa guda, ya harba sama, sannan ya bi mutane da gindin bindiga. Ya fasa wa wani tsoho goshi, ya zabga wa Ƙadri a haƙarƙari har ya saki igiyar. Alkasim ya ja numfashi da wata ƙara kamar ta akuyar da aka yanka ba a gama ba.

"Wa ya ba ku iznin taro?" Kaporal ya daka tsawa. Sai idonsa ya sauka kan akwatin. Ya ɗaga shi, ya kashe, ya juya shi yana duban baƙon rubutun da ke jikinsa, da eriya, da mikro. Fuskarsa ta canza. "C'est quoi ça? Mi ne ne wannan? Da wa yake magana da shi?"

Kowa ya san cewa wanda aka kama da faɗa, bulala zai sha ya dawo gida, wanda aka kama da zancen juyin mulki kuwa, ba a tambayar inda aka kai shi. Ƙadri ya dubi jinin da ke hannunsa, ya dubi bakin bindiga.

"Da mutanen waje, mon kaporal," ya ce. "Kullum muna jin shi. Shi ya sa muka kama shi."

Ba wanda ya ƙaryata shi. Alkasim ya buɗe baki, jini kawai ya fito, maƙogwaronsa ya ƙi ba da ko harafi. Suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar nan, suka jefa shi a bayan motarsu kamar buhu, kansa ya daki ƙarfe, suka ɗora akwatin a gefensa.

"Tasawa," in ji kaporal. "Ya yi wa kumandan bayani."

"Da wane baki, ranka shi daɗe?" Biba ta ce. "Kun ga abin da suka yi mashi. Akwatin waƙa ne, wallahi akwatin waƙa ne, na ga yadda ake kunna shi."

"Ke wace ce tashi?"

Daga gindin tsamiya kamyo ya yi oda, dogo, sau biyu. Ana kiran sunanta, muryar mahaifiyarta ce. Ƙadri ya kama hannunta, murya ƙasa-ƙasa.

"Biba, wuce mu tahi. In kika buɗe baki can, ni za su zo ɗauka."

"Kafin su zo kun tsallaka iyaka."

"In kika shiga motar ga, ba ki da wa a duniya."

Ta dubi bayan motar. Ido ɗaya na Alkasim ya kumbura ya rufe, ɗayan yana kanta, ba ya roƙon komai. Jini na bin wuyanta yana shiga cikin riga. Ta zare hannunta daga na yayanta, ta dafa ƙarfen motar, ta ɗaga murya yadda har na gindin tsamiya za su ji.

"Ku gaya wa Inna ta yafe mani, ku tahi. Ni Tasawa za ni, ni zan kunna akwatin ga gaban kumandan."