Abin da Sajo Ya Gano a Ikko

Sajo ya kai kan labarin ɗakin nan mai tafiya sama ke nan tari ya sarƙe shi. Barau ya tallafo ƙeyarsa, ya kai masa moɗa baki, ya riƙe shi har ƙirjin ya lafa. Mutum uku da suka shigo dubiya suka sa ido a tabarma suna jira, don ba wanda yake son ya tashi bai ji ƙarshen wannan ɗaki ba.

"Kamar rumbu yake," in ji Sajo, muryarsa a dishe. "Ka shiga, a rufe, ka ji hanjinka ya sauko gwiwa. A buɗe, sai ka gan ka a sama, motoci can ƙasa kamar kiyashi sun sami tsaba."

Ɗaya daga cikin masu dubiyar ya ce ai da ma ya san za a rina, an ɗauki Bafulatani daga gindin saniya an kai shi hawa na ashirin da wani abu, dole ya dawo da ciwo. Aka yi dariya. Sajo ya nuna Barau da haɓa, ya ce gara shi ya hau, wannan bawan nasa Bamange ko kan katanga aka ɗora shi sai ya kira uwarsa. Barau ya yi murmushi kamar yadda ya saba yi shekara goma sha biyar, tun da Sajo ya kafa gida a bayan nasa a Gagarawa Tasha. Amma ba dariyar ce ta zaunar da shi a ɗakin nan ba.

A farkon kakar 1976 wani dillalin Maigatari ya ɗauki Sajo rakiyar shanu zuwa Ikko a jirgin ƙasa. Nasa shanun fari ya cinye su shekara uku da suka wuce, sai ya koma bin na mutane. Ya yi wata guda ya dawo da zazzaɓi da tari, ya kwanta bai ƙara tashi ba. An kai shi asibitin Gumel, aka yi allurai, aka dawo da shi. Abinci ya ƙi shiga. Abin da ya rage masa shi ne baki, da labarin yini guda da Manu, ɗan ƙanensa mai aikin gadi a can, ya zaga da shi kallon gari.

A waccan shekarar ta fari ne kuma Ilu, ɗan farin Barau, ya hau jirgi ya tafi Ikko neman abin yi. Wasiƙa biyu ta zo a shekarar farko, daga zangon Agege. Barau, da ya yi aji huɗu a elementare, shi ya karanta wa uwar yaron, Rabi, yana tsallake sunan da ke ƙasan takardar. Daga nan shiru. Ranar da Sajo zai tafi, Barau ya raka shi har bakin taragon shanu, ya tsaya yana kallon ƙafafunsa, ya ce in ya ga mutanensu a can ya gaishe su. Sajo ya ce to. Dukansu sun san mutum nawa ake nufi.

Shekara ashirin da huɗu Barau bai taɓa furta sunan yaron ba. Ɗan fari ne. Ba ya kiransa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In dole ta kama sai ya ce "wancan". Haka ubansa ya yi masa, bai kuwa taɓa jin an rage shi da komai ba. Sajo kuma Bafulatani ne na gaske, ba zai dubi tsabar idon mutum ya ɗauko masa zancen ɗan farinsa ba a tambaye shi ba. Saboda haka kullum bayan azahar Barau yakan rufe keken ɗinkinsa, ya zaga ta bayan danga, ya zauna kusa da kan gadon karan, ya ce, "Sannan sai ina?" Yana fata hanyar da Manu ya bi da tsohon za ta bi ta inda yaron yake.

Hanyar kuwa ba ta sauyawa. Da sassafe sun hau wata doguwar bas mai launin rawaya, mutane a tsaye kamar damin kara. Sun haye gada a kan ruwa, da wata gadar a kan gada. Sun shiga gidan ajiye kayan tarihi, inda Sajo ya ga gumaka da fuskokin itace, ya kuma ga ƙwaryar tatsa an sa ta cikin gilashi an kulle, ga mai gadi a tsaye a kanta, alhali ta Adda A'i matarsa ta fi ta kyawun zane. Ya tambayi Manu ko ta wani waliyyi ce, Manu ya ce a'a, kallo kawai ake yi. Daga nan benen nan mai ɗaki mai tafiya. Daga nan ƙaramin jirgin ruwa, suka ratsa ta kusa da manyan jirage waɗanda kowanne ya fi unguwar tasha tsawo. Suka yi azahar a wani masallaci, limami Bayarabe, karatu lafiya lau. Suka sha ruwan kwakwa.

"Sai Manu ya ce saura teku," Sajo zai ce.

Nan yake tsayawa. Wani lokaci tari ne, wani lokaci ya ce ya gaji, wani lokaci ya juya fuska bango kawai. Washegari kuma ya koma kan bas mai launin rawaya.

In Barau ya koma gida yakan tarar da Rabi tana sussuka ko tana tankaɗe, ba ta ɗago kai. Ita ma ba ta faɗin sunan. Sai ta tambaye shi yau ina maƙwabcin nasu ya kai. Ya ce ya kai gada, ko ya kai jirgin ruwa. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ci gaba da aikinta, taɓaryar tana sauka da ƙarfin da geron bai buƙata ba.

Abin da ya fara hana Barau sukuni kwalba ce. Wata rana ya tarar da Adda A'i a tsakar gida tana shafa man shanu a gwiwa, tana mita. Ta ce abu ɗaya ta roƙi mutumin nan, ya ɗebo mata ruwan teku, an ce yana maganin sanyin ƙashi. Ta wanke kwalba ta sa masa a jaka da hannunta. Ga kwalbar can ta dawo yadda ta tafi, ko ɗigo babu. Mutum ya je har bakin teku ya kasa sunkuyawa? Ita dai ta fi zaton mutanen ruwa ne suka buge shi a can, shi ya sa ba ya son zancen. Barau ya dubi kwalbar a jingine a gindin randa. Ya san Sajo: mutum ne da in ka ba shi saƙon allura zai kai ta Damagaram a ƙafa. Ya koma kan kekensa, ya ɗinke hannun wata riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinke shi a baibai.

Aka shiga mako na uku. Masu dubiya suka ragu, kowa yana gona ana yankan gero. Ƙafafun Sajo suka kumbura, fuskarsa ta zabge, idanun suka faɗa ciki suka ƙara girma. Ranar wata Talata Barau ya shigo ya tarar ba kowa sai shi, Adda A'i ta tafi rijiya. Hasken la'asar ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan bargon. Sajo ya fara daga bas, amma yau numfashi ba ya isarsa. Ya tsallake gidan tarihi, ya tsallake bene, kamar mai sauri ya kai wani wuri kafin rana ta faɗi. Ya ce saura teku. Ya tsaya yana kallon Barau, bai juya bango ba.

Barau ya gyara zama. Ya dubi ƙofa, ya dubi hannuwansa. Ya ga in ya tashi yanzu ya tafi, gobe wataƙila ba wanda zai tambaya.

"Bappa," ya ce. Bai taɓa kiransa haka ba sai yau. "Ka ga Ilu?"

Sunan ya fito masa wani iri, kamar kalmar wani yare. Sajo ya lumshe ido ya buɗe.

"Kwana goma sha tara ina jiran ka," ya ce. "Na ce in ba ka tambaya ba, in tafi da abina."

Ya ba da labarin a gutsure, yana hutawa. Kwana uku ya yi yana neman yaron a zangon Agege. Waɗanda suka san shi suka ce tun kafin azumi ya bar wurin, ya bi waɗansu samari da ba wanda ya san sana'arsu, ba a kuma ƙara ganinsa ba. Sajo ya ƙudura zai dawo ya ce bai same shi ba, shi ke nan. Sai ranar kallon gari.

Da suka sauka daga mota a bakin teku, ba ruwan suka fara gani ba, mutane suka gani, dubbai. Masu tallar lemo, masu gasa masara, mata da goyo, maza sun ɗora 'ya'yansu a wuya don su hango. Manu ya tsaya tambayar wani abin da ake yi, shi kuwa Sajo ya kutsa gaba, yana murna ya dace da ranar wasa. Da yake dogo ne ya hango ta saman kawuna: samari uku a tsaye a fili, kowanne a jikin turke, ƙirji a waje, jama'a ta yi musu da'ira.

"Na ce ashe su ma suna sharo," in ji Sajo. "Wallahi har dariya na yi. Ina neman mai bulala."

Sai ya lura da igiya. Ya lura da durom-durom cike da yashi a bayansu. Ya ga sojoji sun jeru sun durƙusa da gwiwa ɗaya. Wani ya karanta takarda da Turanci a lasifika, rurin teku ya cinye rabin maganar, bai kama suna ko ɗaya ba. Daga baya ne Manu ya gaya masa 'yan fashi ne aka yanke wa hukunci, a nan ake harbe su, mutane kuma suna zuwa kallo. Biyu daga cikinsu ba su ce komai ba. Na ukun, na gefen ruwa, dogo ne, baƙi, siriri. Shi ya ɗaga murya, kuma da Hausa ya ɗaga ta. Innarsa ya kira, sau biyu, sannan ya yi shahada.

Barau ya tambaya ko da tsage a kumatun saurayin. Ilu yana da tsagen gidansu, ko daga nesa ba ya ɓuya.

"Abin da nake son gaya maka ke nan," in ji Sajo. "Taku goma ne tsakanina da inda zan gani. Akwai hanya, wata mata ta matsa. Ban je ba. Na rufe idona, Barau, na juya baya. Na ji ƙarar, na ji mutane sun yi ihu, ban buɗe ba sai da Manu ya ja ni har bakin titi."

Ya nemi hannun Barau a kan bargon ya riƙe. Ya ce Hausawa a Ikko sun fi gashin saniya yawa, dogaye baƙaƙe kuma ba iyaka, yana gaya wa kansa haka kullum. Muryar ma ba zai rantse ba, teku yana ruri. Amma an aike shi ya gani, ya je har wurin, ya ƙi dubawa. Da ya duba, ko wanne ne, da ya kawo wa maƙwabcinsa magana ɗaya da zai riƙe.

"Ka yafe mini."

Barau ya ce ba abin yafewa. Ya ce shi ma da shi ne da haka zai yi. Bai sani ba ko gaskiya ya faɗa. Suka zauna hannu cikin hannu har Adda A'i ta dawo, suka ji tana juye tulu a randa.

A gida Rabi tana tsince wake a faifai. Ta tambaye shi ina aka kai yau. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya.

"Ya kai teku."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ce me ya gani a can.

"Ruwa," ya ce. "Ya ce ruwa ne, ba a ganin ƙarshensa."

Ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba, sannan ta mai da kai kan faifai.

Washegari da hantsi Adda A'i ta leƙo ta kan danga ta kira Barau a hankali. Ya tarar numfashin ya koma sama-sama. Ya zauna a inda ya saba zama, ya ɗora kan tsohon a cinyarsa, yana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Leɓunan suka motsa sau ɗaya ko biyu. Can waje ana wucewa da jakuna ɗauke da dammunan gero, wani yana yi wa nasa tsawa. Kafin sawunsu ya ɓace Sajo ya cika.

Adda A'i ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita ta gaya wa mutane. Ɗakin ya rage daga Barau sai gawar. Idanun a buɗe suke, manya, suna kallon sama. Ya san abin da ya kamata ya yi, ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Ya sunkuya har numfashinsa yana taɓa goshin, ya leƙa cikinsu, na dama, sannan na hagu. Ba komai a ciki sai ƙofar ɗakin, 'yar ƙarama, fara, da inuwar kansa a tsakiya.

Ya ji takun maza a zaure, ana sallama. Ya sa babban yatsa ya shafo fatar idon a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe su har suka zauna.