Kwanon da Ba a Yanka Ba

"Ɗaga hannunki," in ji Malama Babba.

Malama Ƙarama ta ɗaga. Tsohuwar ta naɗe siririyar waya a yatsunta, ta zura ta ƙarƙashin butar da ke kan faifan juya yumɓu, ta ja sama. Buta ta dare gida biyu. Sababbin ɗalibai tara suka saki baki.

"Ku matso ku gani. Nan gindi ya ɗan yi kauri."

"Kaurin farce ne fa, Yaya."

"Farcen wa? Na raƙumi?"

Aka kwashe da dariya, har da Ƙarama, amma tata a leɓe ta tsaya. Shekara ashirin da biyu ke nan ana yi mata haka a gaban mutane duk lokacin da aka buɗe sabon aji.

Ɗakin koyon ginin tukwane na unguwar wani tsohon gareji ne, da faifai shida, da tanderu a baya. Su biyu ke koyarwa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Babbar ƴar firit ce, Ƙaramar ta ninka ta biyu, amma haka sunayen suka bi su. Kullum da safe Babba takan buga bango sau uku, Ƙarama ta amsa da biyu, su fito tare.

Dokar Babba ɗaya ce: tukwane goma na farko da ɗalibi ya gina ba sa ganin wuta, waya ce ke cin su. Ido waje yake gani, in ji ta, waya ce ke nuna ciki, kuma gindi mai kauri yana ɓoye danshi, in ya ji wuta sai ya tarwatse. Ƙarama ba ta musa ba, sai dai a ranta tana ganin akwai mugunta a ciki. Ita ta san hannunta. In ta ɗaga tukunya ta jijjiga, ta san abin da ke cikinta.

Bayan wata guda ciwo ya kwantar da Babba. Abu na ƙarshe da ta gina wani faffaɗan kwano ne na autarta. Da, kafin shayi ya huce ta gama irinsa. Wannan kwana uku ta yi a kansa, hannu na rawa, ba ta yarda kowa ya matso ba. Tana kwance ta ce wa Ƙarama, "Ki gasa min shi in gani da idona. Kada ki yi min nawar nan taki."

Aji ya koma hannun Ƙarama, waya ta zauna a kan ƙusa. Cikin ɗaliban akwai wani tsohon direban bas, mai hannuwa kamar taya, wanda matarsa ke masa tsiya wai ya tsufa ya koma wasan ƙasa. Ran da tukunyarsa ta uku ta tsaya da kanta, sai ya rungume ta.

"Malama, don Allah wannan kam kada a yanka. So nake in ajiye ta a gaban maiɗakina, in ga bakin magana."

Ƙarama ta ɗaga tukunyar, ta auna a tafinta, ta ce, "Ta yi." Da ta bushe, ta jera ta a tanderu kusa da kwanon Babba.

Wuta ta yi nisa ke nan suka ji ƙara daga ciki, dum, kamar an yar da buhu. Ƙarama ta san ƙarar. Ba a buɗe tanderu da zafi, don haka sai da ta yi kwana biyu tana kai da kawo da wannan ƙarar a kunnenta. Da aka buɗe, tukunyar Direba ta zama tsakuwa, kwanon Babba ya rabu uku.

Direba ya cire hula. "Ni na jawo, Malama."

"Mayar da hularka. Kai gini ka yi, ni na ce ta yi."

Ta ƙulle gutsattsarin a ɗankwali ta nufi gidan maƙwabciyarta. Auta ta tare ta a bakin ƙofa, ta leƙa ƙullin, idonta ya ciko.

"Goggo, ki ce mata bai huce ba. Likita ya ce kwanaki ne suka rage."

"Uwarki? Matar da ke ƙwanƙwasa tulu sau ɗaya ta san ya tsage? Matsa min, ƴata."

Ƙarama ta wuce ta, ta shige ciki. Ɗakin na warin man zafi. Babba ta ƙara ƙanƙancewa a cikin bargo, idanun ne kawai ba su canza ba. Ƙarama ta kwance ƙullin a kan gado.

"Ta wa ta fashe?" Babba ta tambaya.

"Ta Direba."

"Ta nawa?"

"Ta uku."

Tsohuwar ta dube ta har Ƙarama ta ji ta koma ƴar shekara ashirin. Sannan ta ce, "Auta, buɗe taga. Miƙo tabarau."

Ta ɗauki gutsure mafi girma, ta juya shi wajen haske. Ba fuskar kwanon take kallo ba, bakin karayar take bi da babban yatsa, a hankali, daga gindi zuwa sama.

"Da na gama shi na ɗauko waya," ta ce. "Na kasa. Na ce in na yanka na tarar hannun nan ya fara ƙarya fa? Shekara hamsin ina yanka na mutane, nawa ya gagare ni." Ta miƙa wa Ƙarama. "Duba."

Ƙarama ta duba. Kauri ɗaya ne tun daga gindi har baki, kamar an auna da ma'auni.

"Daidai yake, Yaya."

"Na sani. So nake ki faɗa."

Dariya ta kama ta, tari ya biyo baya. Da ya lafa ta tura wa Auta gutsattsarin. "Naki ne. Ba zai riƙe miya ba, amma kin ga hannun uwarki." Ta juya ga Ƙarama. "Wayar tana nan?"

"Tana kan ƙusa."

"Ba don ado na rataye ta ba."

Ko a kwance, Babba ba ta daina buga bango ba, da cokali take yi. Ranar Alhamis Ƙarama ta ɗora ruwa, ya tafasa, ta sauke, ba ta ji bugu ba. Ta je ta buga nata biyun, ta kara kunne. Muryar Auta ce ta amsa daga can, da kuka. Ƙarama ta zauna a ƙasa ta jingina da bangon, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mahaifiyarta.

Bayan mako guda ta buɗe gareji. Ɗalibai tara suka shigo suka tsaya cirko-cirko. Ba ta yi jawabi ba. Ta zauna a faifai, ta jiƙa hannu, ta ɗaga buta mai dogon wuya, wadda ta fi duk wadda suka taɓa ganin ta gina. Sannan ta miƙe ta sauko da waya daga ƙusa, ta naɗe a yatsunta, ta ja sama.

Buta ta dare biyu. Ƙarama ta ɗan dakata, kamar mai jiran wani ya yi magana. Faifan ne kawai ke ƙarasa juyinsa.

"Ku matso ku gani," ta ce.

Suka matso. Daga baya Direba ya taho da tukunyarsa ta huɗu a kan allo, ɗanya sharaf, ya ajiye ta a gabanta, ya ɗaga hannuwansa.