Bencin da ke Ƙarƙashin Lemar Rachel

Shekarar da wayar hannu ta fara kama gari a Zuru, Saja Ishaya ya zo hutun Ista daga Fatakwal da waya sabuwa fil a kwali, ya danƙa wa matarsa Rachel. Ya ce ta kafa lema a bakin hanyar Rikoto, mutane su riƙa buga waya suna biya.

"In sana'ar ta karɓe ki, shi ke nan," in ji shi. "In ba ta karɓe ki ba, da Kirsimeti zan koma bariki da wayar, ki koma suyar ƙosanki."

Shekara tara Rachel ta yi tana shan hayaƙin kaskon ƙosai, har idanunta suka rine. Ta yi alkawari a ranta, ita da kaskon nan sai dai a gaisa daga nesa.

Mai ba ta shawara kuwa bai yi wuyar samu ba. Markus, ƙanin mijinta, ya taɓa yin tallar sabulu shekara biyu a Kaduna, kuma tun da ya dawo babu sana'ar da ba ya iya gyara wa mai ita, in ban da tasa da har yanzu bai fara ba. Ya zo da biro a aljihun gaba, ya zagaya lemar sau biyu yana kaɗa kai.

"Matar yaya, kasuwanci ilimi ne. Na farko, allo. Ki faɗa wa duniya abin da kika fi kowa da shi. Na biyu, benci, domin mutum ba ya tsayawa inda babu mutane. Na uku, wanda ya fi duka, ki san kwastomanki. Ki san sunansa, ki san damuwarsa, in ya dawo ki tambaye shi ya aka ƙare."

Wannan na ukun ya yi wa Rachel daɗi, don dama tun tana yarinya ba a taɓa yin magana kusa da ita ta wuce ta ba. Aka rubuta allo da jan fenti: ANA BUGA WAYA A NAN. MAI WURIN TANA JIN HAUSA DA TURANCI DA C'LELA. Aka kawo dogon benci daga gidan surukarta, aka ajiye randar ruwan sanyi a gefe.

Da farko abin ya yi kyau. Zuru gari ne da kusan kowane gida yana da soja a wani wuri, ko Legas ko Jos ko Maiduguri, matansu kuma suna da abin faɗa. Bencin ma ya cika kamar yadda Markus ya ce, sai dai waɗanda suka cika shi tsofaffin sojoji ne 'yan fansho, waɗanda ba su da wanda za su kira, ga lokaci kuma kamar su sayar. Da hantsi suke zuwa, sai magariba su tashi.

Wata Talata Leah, ƙawar Rachel ta zumuntar mata a coci, ta kira mijinta a Legas. Ta juya baya, ta yi ƙasa da murya, ta koma C'lela, yaren gida, tana ba shi labarin yadda uwarsa ta sayar mata da akuya ba ta sani ba. Bayan kwana biyu ta dawo, Rachel ta tarbe ta da fara'a, a gaban benci cike.

"Maman Praise, ya maganar akuyar nan? Ya yi wa Mama magana kuwa?"

Wani tsohon kofur ya gyara zama, ya ce ai shi a ganinsa akuyar gida ta kowa ce. Wani ya ce ba haka ba ne. Leah ta ce ta manta lamba a gida, ta juya.

Ba mugunta ce da Rachel ba, wannan kam a yi mata adalci. Ta damu da akuyar da gaske, har ta sa ta a addu'a. Amma daga makon nan kwastomomi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, benci cike, waya a kwance kan tebur kamar ta yi fushi. Markus ya zo ya duba, ya ce tallar ce ba ta isa ba. Aka rage farashi, aka ƙara allo na biyu, aka sayo rediyo. 'Yan fansho suka ji daɗin rediyon ƙwarai.

Ana cikin haka, a watan Yuli, Rachel ta tabbatar tana da juna biyu. Shekara bakwai ke nan tun haihuwar 'yarta Glory, har ta daina sa rai. Murna ta hana ta cin abinci, kuma karo na farko a rayuwarta ta riƙe magana, don tana so Ishaya ya riga kowa ji. A gidansu babu sabis, tudu ya tare, don haka ta jira ranar Asabar da ya saba kiranta a lema.

Wayar tana yin ƙara ta ɗauka ta yi gefe. Ba ta kai taku biyar ba kofur ya miƙe. "Saja ne? Ba ni shi mu gaisa." Daga hannunsa waya ta wuce hannun na kusa, aka tambayi Ishaya ruwan Fatakwal, aka tambaye shi ko wane yana nan a bataliya. Kafin ta dawo hannun mai ita, Ishaya yana cewa, "Maman Glory, an busa fareti, sai wani satin." Ta tsaya da waya a kunne, bakinta cike da maganar da ba ta fita ba. Haushi ya kama ta har ta ji kamar ta kifar da randar.

Washegari bayan an tashi coci ta sa waya a jaka, ta shiga gari neman inda akwai sabis kuma babu wanda ya san ta. A Zuru wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Tafiya ta kai ta bayan tasha, wajen wata tsamiya, a can ta tarar da kwastomominta kusan duka. Ga Leah, ga matar kafinta, ga malamar firamare, kowace ta tsaya nesa da 'yar'uwarta tana jiran layi. Can gindin tsamiyar wata tana magana a waya tana share hawaye.

Mai wayar wani dattijo ne, Malam Arzika, Bakaben da ke sayar da goro a faranti. Ba shi da lema, ba shi da allo, wayar ma an ɗaure bayanta da roba. In ya miƙa wa mace waya sai ya koma kan goronsa yana yayyafa masa ruwa, ko ɗaga kai ba ya yi.

Leah ta ga Rachel, ta sunkuyar da kai. Rachel ta ƙarasa wajen dattijon ta gaishe shi, ta ce ita da wayarta ta zo, wuri kawai take nema.

"Ɗiyata, icce na Allah ne. In waccan ta ƙare, ki tai."

Da layi ya zo kanta ta je bayan tsamiya ta kira Ishaya, ta faɗa masa. Ya yi wata irin dariya da rabon da ta ji ta tun suna saurayi da budurwa. Ya sa ta maimaita har sau uku.

Da ta dawo ta durƙusa kusa da faranti. "Baba, wa ya koya maka talla? Ka kwashe min mutane."

"Ni ban san talla ba. Sun dai ce ba ni jin yarenku."

"Shekararka nawa a garin nan?"

"Ashirin da 'yan kai."

"Kuma ko kalma ɗaya ba ka ji?"

Malam Arzika ya juya wani goro, ya duba shi, ya mayar. "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, ɗiyata."

Da safiyar Litinin Rachel ta sa aka mayar da benci gidan surukarta. 'Yan fansho suka zo suka tarar da fili, suka yi ta mita, suka bi rediyo zuwa shagon mai aski inda ta kai shi aro. Ta shafe layin ƙasa na allon, mai cewa tana jin yaruka, da farin fenti. Markus ya ce wannan kisan kasuwa ne da rana tsaka, ta ce ta ji.

Kwana huɗu babu wanda ya tsaya sai wani ɗan acaba. Ran na biyar Leah ta zo, tana tafe tana waige. Rachel ta gaishe ta, ta miƙa mata waya, ta tashi ta tsallaka titi zuwa wajen mai gasa masara, ta juya wa lemar baya. Minti takwas Leah ta yi tana magana. Sau ɗaya iska ta kawo ƙarar dariya, sau ɗaya kuma wani abu kamar kuka. Rachel ta sayi masarar da ba ta so, ta ci rabi a tsaye, kunnuwanta suna yi mata ƙaiƙayi.

Da ta dawo ta tarar idanun Leah sun yi ja, amma fuskarta a sake. Tambaya ta taso wa Rachel har bakin haƙori. Ta haɗiye ta da sauran masarar.

"Allah ya kai ki gida lafiya, Maman Praise."

Leah ta ajiye kuɗin waya a kan tebur. "Gobe da ƙarfe nawa kike fitowa? Matar kafinta ma tana tambaya."