Kaskon da Ya Tafi da Zaleha

A ƙauyen Lubuk Kerai da ke bakin kogin Pahang, kayan girkin biki na jama'a ne, kuma mabuɗin ɗakin ajiyarsu ya shekara talatin a ƙugun wata tsohuwa, Mak Embong, wato Inna Embong. Da gwiwoyinta suka gaza, sai ta ce za ta miƙa shi ga duk wadda ta iya riƙon babban kasko. Kaskon na baƙin ƙarfe ne, yana cinye naman sa guda, maza huɗu ke ɗaga shi. Zaleha mai soya ayaba a bakin makaranta ta fi kowa son mabuɗin nan. Ba ko sisi a cikin aikin. Amma duk mai aurar da ɗa sai ya zo ƙofar mai mabuɗi ya yi sallama da ladabi, ita kuwa Zaleha ta gaji da zama wadda ake tura wa kwandon albasa.

Washegarin wata walima, maza suka sauke kaskon a gaɓar kogi suka tafi shan shayi. Mak Embong ta zauna a inuwa ta jero dokokinta. Ba sabulu, ba soson ƙarfe, domin baƙin da ke cikin kasko shekaru ne suka tara shi. A jiƙa ƙanzo, a gurza da ɓawon kwakwa, a ɗora a wuta ya bushe, a shafe shi da mai tun yana da zafi. Dokoki ne na hankali. Matan yanzu sai su kankare kasko ya yi fari fat, bayan mako ya yi ja da tsatsa, su koma suna zagin maƙeri.

Zaleha ta ce ita za ta wanke. Gajera ce mai jiki, hannunta bai kai tsakiyar kaskon ba. Ta cire takalma, ta tattare zani, ta yi bisimilla ta shige ciki da muciya da ɓawon kwakwa.

Ƙawarta Rohani ta leƙa ta ce, "Kak Leha, yayata, a ƙaro gishiri ne, ko kin ji gishiri haka?"

An kwana ana ruwa a kan tudu, kogi yana ta cikowa ba wanda ya kula. Zaleha tana durƙushe tana gurza, sai kaskon ya zame daga laka a hankali. Ko da ta ɗago kai, ta ga bishiyoyin kwakwa suna zagaya ta, matan ƙauye sun wuce ta dama, sun sake fitowa ta hagu.

Mata suka bi gaɓa da gudu, amma dariya ta hana su sauri. Rohani ta zube a laka tana riƙe ciki. Pak Deraman masunci, wanda ya kifa kwalekwalensa yana liƙe shi, ya yi ta ɗaga murya cewa ta faɗo ruwa, ai ta iya iyo tun tana yarinya. Ta iya ɗin. Sai dai ta san tana taka bakin kaskon zai karkace ya sha ruwa, kuma abin da ya nutse a wannan gurbi ya tafi ke nan.

Ta ce, "Ba na fita, Pak Deraman. In ya nutse kai za ka ɗauko shi da wannan tarin da ke damunka?"

Ta gwada tuƙi da muciya, kaskon ya ƙara saurin juyawa. Jiri ya kwashe ta, dariya ta kama ta har da hawaye, rabonta da irin wannan tun ranar da ta fara hawa keke. Da ta ga ba abin yi, ta koma ta ƙarasa gurzar ƙanzon, ta riƙa ɗibar ruwa da tafin hannu tana ɗauraya. A kan gada masu babura suka tsaya cak. Wani dattijo ya yi mata sallama, ta fara amsawa tana kallonsa, ta ƙarasa ta ba shi baya.

Wajen hantsi kaskon ya dafe a kan yashi a ƙauyen gaba, tsakiyar mata masu wanki. Zaleha ta fito ta yi taku biyu ta faɗi, ƙasa tana ta juya mata. Suka ce ta zo ta sha shayi ta huta. Ta ce shayi ya jira, itace take so da man kwakwa, domin ƙarfe ya jiƙe ciki da waje, kafin a kai shi gida tsatsa ta fara ci. Mata takwas suka ja shi kan duwatsu uku, aka hura wuta. Ruwan ya tafi da tururi, ta bi shi da tsumma da mai, tana tangaɗi tana shafawa, har ya yi baƙi yana ƙyalli.

A haka Mak Embong ta iso a bayan babur ɗin surukinta, rabin ƙauye na biye. Ba ta tambayi lafiyar Zaleha ba. Ta goga yatsa a cikin kaskon, ta shinshina, ta ce man bai kai gefe ɗaya ba. Zaleha ta ƙara. Sannan tsohuwar ta kwance mabuɗi ta jefa mata a cinya, ta sunkuya ta rage murya.

"Akwai igiya a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Ɗaure kunnen kasko ake yi a bishiya kafin a shiga."

"Mak, don me ba ki faɗa ba tun da safe?"

"Ni wa ya faɗa min? Ke ma kin yi sa'a. Ni ƙauye uku na wuce, kuma da cikin wata bakwai."

Rohani tana kusa, ta ji komai, ta sake zubewa a kan yashi.