Fayil Na Biyar

Daƙiƙa shida kawai na zo nema. Mahaifiyarmu ta rasu ina da shekara biyu, kuma duk abin da ya rage mana nata mai motsi yana cikin faifan bidiyon ranar da yayana ya gama firamare. Ta gifta ta bayan kujeru, ta ba kyamara baya, shi ke nan. Muryarta kuwa ban santa ba. Da faifan ya fara sarƙewa sai tsoro ya kama ni, na ce gara a ciro min daƙiƙun nan kafin ya lalace gaba ɗaya.

Shagon mai tace bidiyon yana saman wani kantin magani, ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya da fankar da ke juyawa kamar an yi mata dole. Shi mutumin Sannu-Sannu ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Sai da ya goge faifan da ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ya ɗaga shi a haske, ya sake gogewa. Ni dai ina tsaye ina cika ina batsewa.

"Malam, yankowa kawai za ka yi fa," na ce.

"Ba a yanka a jikin faifai, ƙanwata. Manhajar da nake aiki da ita ba ta karɓarsa a haka. Sai na kwashe abin da ke ciki, na juya shi zuwa irin wanda take ganewa, sannan a yi maganar yanka."

Fayil biyar suka fito a allon kwamfutar. Yaya, wanda ya rako ni, ya haddace bidiyon nan tun yana ɗan makaranta. Ya nuna manyan guda huɗu, ya ce a ƙyale ƙaramin.

"Ni ba na ƙyale ko ɗaya," in ji Sannu-Sannu. "Masu haɗa faifai na da, wani duk abin da kyamara ta ɗauka yake zubawa, sai ya haɗa wanda yake so da maɓallin kunnawa. Sauran yana nan kwance, na'urar gida ba za ta taɓa nuna muku shi ba."

Minti arba'in muka yi muna kallon wani koren layi yana rarrafe. Tsakin da na yi ba ya ƙirguwa.

Da ya gama, ya jawo ƙaramin fayil ɗin ya shimfiɗa. Ba komai a hoton sai siminti da ƙafafun kujeru, kyamarar ma a karkace. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga min yatsa.

"Bar hoton, dubi ƙasansa. Kin ga zanen nan mai hawa da sauka? Sauti ne. Akwai mai magana a nan."

Ya kunna. Muka ji muryar wani namiji, mai ɗaukar hoton: "Baiwar Allah, taimaka ki ce wani abu a makirufon nan, gwaji nake yi."

Wata mace ta yi dariya. "Ni? To me zan ce?"

Yaya ya dafa tebur, ya zame ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum mai 'ya'ya uku. "Umma ce," ya ce. "Wallahi Umma ce."

Kyamarar ta ɗago. Ga fuskarta ta cika allon, da wushirya, da zufa a goshi, da wata yarinya saɓe a kafaɗa ta jiƙa mata riga da miyau. Shekara ashirin da 'yan kai faifan nan yana cikin durowar ƙasan talabijin, mun kunna shi ya fi sau ɗari, ashe tana ciki tana magana. Muryar ma ba irin wadda na ƙirƙira mata a raina ba ce, tana da ɗan kauri, da 'yar disashewa.

"Ɗaya, biyu," ta ce, sai ta rage murya. "Kai, bari in yi a hankali, yanzu na samu ta yi barci. Rigimammiya ce ta gaske. Amma da ta buɗe ido ta gan ni sai ta yi ta dariya, kamar mun daɗe ba mu haɗu ba."

Hoton ya ɗauke. Mai shagon ya tambaye ni a ina zai yanke, na ce kar ya taɓa komai, ya sake kunnawa kawai.

Ya mayar da shi farko, ya kai hannu zai ƙara sautin don in ji da kyau. Bakina ya riga ni.

"A'a, Malam, bar shi a haka. Ba ka ji ta ce barci nake yi ba?"