Dardumar Bappa Hammanjoda

Tun ranar da Jibrilla ya dawo Jalingo daga Yola da takardar kwas ɗin kwamfuta, bai ƙara cin tuwo da zafinsa ba. Aikinsa a sakatariya buga takardu ne kawai, amma dangi suka ce ai yaro ya karanta inji. Rediyo ya yi shiru, a kira Jibrilla. Dutsen guga ya ƙi zafi, a kira Jibrilla. Har Goggo Furera ta taɓa aiko masa da tocila daga Yelwa, ya buɗe bayanta ya duba, ashe batir ta sa a juye.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan Bappa Hammanjoda na Abbare, ƙanin marigayi mahaifinsa, dillalin shanu. Shi ne ya je Legas ya sayo kwamfuta sukutum, a lokacin da ko ofisoshin gwamnati ba kowane ke da ita ba. Wai don harkar shanu. To, Jibrilla dai bai taɓa ganin ko wutsiyar saniya a cikinta ba. Karta ce Bappa yake bugawa, irin wadda mutum yake yi shi kaɗai, tun daga hantsi har azahar. Da ya ji sallamar baƙo sai ya fizgo darduma ya lulluɓe gilashin kwamfutar, dardumar ta ja wayar baya ta zare. Baƙo ya tafi, a yaye, gilashi baƙi ƙirin. Sai aike: a zo da Jibrilla maza.

"Kai, wane irin gyara kake yi ne?" in ji Bappa. "Jiya jiya ka taɓa ta."

"Wayar ce ta sake fita, Bappa."

"Da ƙafa ta fita?"

Jibrilla ya sunkuyar da kai. Ɗan Fulani zai dubi tsabar idon ƙanin ubansa ya ce masa karta kake ɓoyewa? Gara ya haɗiye. Ya dinga haɗiyewa har ya rame, babur ɗinsa ma ya san hanyar Abbare ba sai an juya kansa ba.

Ana nan aka sa ranar zuwa Mutum Biyu nema wa Jibrilla auren Zulfa, 'yar Malam Usaini. Malam Usaini kuwa mutum ne mai tsauri. Ya ce in la'asar ta yi bai ga manya ba, ya san ba da gaske ake ba, kuma akwai wani malamin makaranta da ke jiran ƙiris. Ba mai jagorantar tafiyar sai Bappa, shi ne uba.

Ranar Asabar dattawa suka taru a falon Bappa, har da limamin unguwa. Goro a ɗaure, mota a ƙofa. Jibrilla yana waje yana leƙe, don ango ba ya shiga cikin manya. Bappa kuwa ya zauna daram, fuska a murtuke. Ashe da Liman ya iso ne ya yi sallama ba zato, darduma ta yi aikinta, da Bappa ya ɗaga gefe ya leƙa sai ya ga duhu.

"Ba inda za ni," ya ce. "Dukiyata ta mutu a ɗaka in kama hanya? Ku kira min yaron nan."

Jibrilla ya shigo ya durƙusa. "Bappa, in mun dawo sai in duba a natse. Rana tana yi."

"Yanzu. A gaban mutane, su ga irin aikin da kake min."

"Bappa, da dai an bari."

"Ka ji ɗan zamani! Ni kake gaya wa a bari?"

Jibrilla ya dubi agogon bango, ya tuna malamin makaranta. Ya ce a ransa, to, kunya ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ya yaye darduma, ya zura hannu baya, ya mayar da waya. Gilashi ya yi ƙyaf ƙyaf ya kawo haske. Ga karta nan reras, ja da baƙi, an kusa cin wasa.

Liman ya gyara tabarau ya matso. "Alhaji, wannan wane irin lissafin shanu ne?"

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ai ga sarki can, a ɗora shi a gurbin da ba kowa." Kowa ya juya ya dube shi, ya yi tari ya kama carbi.

Bappa ya miƙe zumbur kamar ya zauna a kan kunama. "Kai Jibrilla, kashe abin nan! Kun tsaya surutu, mutane na jiranmu a Mutum Biyu. Direba, ta da mota!"

Kafin la'asar suna ƙofar Malam Usaini. Don ya toshe bakin dattawa, Bappa bai bar kowa ya yi magana ba, ya dinga zuba yabo: yaron nan hannunsa albarka ne, ba injin da ya gagare shi, ko matacce ne sai ya tashi. Malam Usaini ya yi murmushi, ya ce ya ba shi Zulfa.

Da magariba motar ta dawo Jalingo. Jibrilla ya tare ta da gudu, Bappa ya leƙo ta taga ya ce, "An ba ka. Buɗe but." Ya buɗe. Rediyo biyu, fanka marar kai, da keken ɗinkin uwar Zulfa.

"Surukinka ya ce ba gaggawa," in ji Bappa. "Amma keken ana so kafin Juma'a. In ka gama ka biyo ta gida, linzamin kwamfutar nan tawa ya fara gardama."