Gishirin Bature a Gindin Farafara

Tun ranar da Jibo ya dawo daga Malumfashi da ƙullin irin gajerar kaura da buhun takin zamani, shi da wansa Maitama ba su ƙara cin tuwo a akushi ɗaya ba. Jibo yana so a shuka sabon irin a gandun gidan gaba ɗaya. Maitama kuwa ya rantse muddin yana numfashi farafarar ubansu Mati za a ci gaba da shukawa, doguwar dawar nan da marigayin yake zaɓen zangarniyarta da hannunsa ya rataye a zaure.

"Dawar da ba ta kai ƙugun mutum ba, da wannan gishirin Bature, su za ka kawo mana?" in ji Maitama.

"Yaya, tsawo ake ci ko tsaba?" Jibo ya mayar masa.

Uwarsu Tsohuwa ta gaji da jin bakinsu, ta sa aka raba gandun biyu. Wanda ya fi dami, irinsa za a shuka baɗi, ɗayan kuma a manta da shi.

Jibo ya bi abin da malamin gona ya faɗa masa, cikin kwalin ashana ɗaya na taki ga 'yan gindi kaɗan. Kafin marka ta yi nisa kaurarsa ta yi kore shar, farafarar Maitama tana ɗan ja da baya. Abin ya ci wa Maitama rai ƙwarai. Mutumin da ya cika garinsu Gozaki da zagin taki, sai ga shi ya saci jiki zuwa Funtuwa ya sayo buhu biyu. Ranar kasuwar Bakori, da gonaki suka yi shiru, ya shiga nasa ɓangaren da ƙwarya. Shi dai a saninsa taki ba ya yawa, haka ya ga ana yi da kashin shanu tun yana yaro. Ya yi ta zubawa.

Farafara ta miƙe kamar gora. Masu wucewa na tsayawa kallo, Maitama na tafiya yana hura hanci.

"Ka gani? Ba gishiri, ba malami," ya ce wa ƙanensa. Ƙarya ce tsagwaronta, ko kunya bai ji ba.

Ana gab da ɗaukewar ruwa, kai ya yi nauyi, kara ya yi tsawo ba ƙwari, sai aka yi iska da la'asar. Farafara ta kwanta gaba ɗaya cikin taɓo. Gara ta ci rabonta, sauran ya yi baƙi ya ruɓe. Gajerar kaura tana tsaye a gefe, ko gezau.

Bayan girbi Tsohuwa ta ce 'ya'yanta su kai ta gona, ko za ta sami zangarniya goma masu kyau ta ajiye don tunawa da mijinta. Ta bi kunya-kunya da sandarta, ba ta samu ko uku ba. A gindin ƙirya sandar ta zaƙulo buhunan takin da Maitama ya binne. Jibo ya yi dariyar mugunta, ta daka masa harara ya haɗiye dariyarsa.

Ta juya ga babban ɗanta. "Shekara arba'in dawar nan tana tsaye da ƙafarta, fari bai kayar da ita ba. Ba Jibo ya kashe irin ubanku ba, Maitama. Kai ne."

Da suka koma gida Maitama ya tarar Jibo ya riga su isa, har ya rataye gajerar kaura a ƙugiyar zaure.